Alhamis ɗin da alli ya zo hannuna

Malaminmu na Faransanci a lise, wato sakandare, yana da wata al'ada. Duk ranar Alhamis sai ya koma bencin baya ya zauna, ya miƙa wa ɗalibi ɗaya alli ya koyar da darasin. Sharaɗinsa guda ne: 'yan baya su gane. In ya tambaye su suka kasa, makin mai koyarwar ne zai faɗi. Ni kuwa muryata ko benci na uku ba ta kaiwa.

Wata Litinin ya duba littafina, bai ga gogewa ko ɗaya ba, ya ce, "Ke mai rubutu kamar na inji, Alhamis taki ce. Lui da leur." Su ne kalmomin da ke tsayawa a madadin wanda aka yi wa abu, kamar masa, mata da musu a Hausa.

Na yi ta maimaita darasin a motar haya daga unguwar Gassi zuwa gida, leɓena na motsi, har wata dattijuwa ta ce in sa ta a addu'a. A gida na gwada a gaban Inna tana tsince shinkafa.

"Ɗaga murya mana, 'yar nan," in ji ta. "Ni da ke gabanki ma ban ji ba."

Nan na haƙura da batun murya. Na yanka takarda ƙanana-ƙanana, na rubuta jimla ɗaya a kowace, kowane benci da tasa.

Ran Alhamis ban tsaya gaban allo ba. Na bi benci-benci ina raba takardun, ina faɗa musu a hankali abin da za su yi: ka miƙa wa maƙwabcinka ka ce je lui donne, wato na ba shi, ka miƙa wa na bayanka su biyu ka ce je leur donne, na ba su. Kafin in kai ƙarshe aji ya kaure da surutu.

Wani dogo a bencin baya, wanda ya maimaita ajin, ya ce da Larabci, "Ustaza, a tausaya mana, mun tsufa!" Shi Malam ya tsayar ya tambaya. Ya sosa ƙeya, ya dubi takardarsa, ya dube ni, sannan ya ce, "Je leur parle." Wato ina yi musu magana, kuma daidai ne. Aka kwashe da tafi ana tsokanarsa.

Malam ya rubuta makina. Da aka tashi ya kira ni, ya ce in ara masa takardun zai kai wa ɗaya ajin. Na ce ya bari sai gobe, biyu sun yamutse, zan sake rubuta su.