Irin Geron da Na Zuba a Rijiya

Har yau in na ji ƙanshin ƙasa bayan ruwan shuka, kowa na murna, ni kuwa tukunyar Kakanmu nake tunawa.

A wancan lokacin, shekara biyu ke nan a jere damina tana gardama a ƙauyenmu, can bayan Tofa. Rumbuna sun ƙare, tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Abin da ya rage mana shi ne irin gero. Kaka, mahaifin Babanmu, ya cuɗa shi da toka, ya zuba a tukunya, ya liƙe bakinta da laka, ya ba Innarmu ajiya a ɗakinta. A garinmu cin iri ya fi sata kunya. Ko yaro na kukan yunwa ba a kallon tukunyar nan.

Ina da shekara tara lokacin. Malaminmu na firamare yakan karanta mana wani littafin labarin Turawa yana fassarawa. Wata yarinya ce ta zuba hatsi a busasshiyar rijiya, gari na wayewa rijiya ta cika maƙil da hatsi. Ya ce ƙage ne, muka yarda. Sai ga shi an mai da littafin fim, za a nuna a talabijin. Akwati ɗaya ne a garin, a zauren hedimasta, da batirin mota yake aiki. Bayan la'asar muka cika zauren, wani kan wani. Na ga yarinyar da idona, na ga hatsi yana tumbatsa har bakin rijiya. Gani ya kori ji. A tunanina baki ne ke ƙarya, hoto ba ya yi.

Washegari Inna ta shiga maƙwabta barka. Na ɓantare lakar, na cika ƙwarya, na kai tsohuwar rijiyar bayan gida na juye, na dawo na liƙe tukunya da sabuwar laka. Da safe na leƙa, babu komai sai duhu. Na ce ƙila ban zuba da yawa ba. Na ƙara. Sau uku ina ƙarawa.

Ranar da ruwa ya sauka, Kaka ya tsaya tsakar gida ya ce a fito da iri. Baba ya ɗago tukunyar da ƙarfi, sai ta taho masa sakayau. Ya tsaya cak. Aka fasa lakar, Kaka ya zura hannu har gwiwar hannu kafin ya taɓo gero.

"Wa ya taɓa iri?" in ji Kaka, a hankali.

Ba wanda ya motsa. Sai na ji Inna daga bakin ƙofa tana amsa wa Kaka.

"Ni ce, Baba. Kunu na dama wa yara."

Kaka bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Allah Ya kyauta," ya ɗauki abin da ya rage ya fita. Rabin gonarmu ciyawa ce ta cinye shi a shekarar. Kaka bai ƙara cin tuwon hannun Inna ba har aka yi girbi, matan gari kuma suka sa mata suna mai cin iri.

Sai da na haifi 'ya'ya huɗu na iya gaya wa Inna gaskiya. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar wake.

"Na sani tun ranar farko. Ai da suna ya bi ki, wa zai aure ki?"

Yanzu jikokina suna kallon irin finafinan nan a waya, suna bayyana mini yadda ake haɗa dabarar, suna dariya. Ba wanda zai ruɗe su, na kuma gode Allah. Inna ta rasu, tsofaffin garin kuwa har yau da sunan nan suke ambatonta. Nakan je gida duk sallah, in gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa gyara musu ba.