Yaron da Kuka Ta Haɗiye

A Getso muka taso, a hannun kakarmu Inna Delu. Da an yi sallar magariba sai ta ƙara kara a murhu, mu kewaye ta, wake na dahuwa a tukunya. "Ga ta nan, masu kunne," za ta ce. Mu amsa, "Ta zo, muna nan!"

Akwai guda ɗaya da na fi so. Wata yarinya ce ta tafi itace da ƙanenta a shekarar yunwa. Yaron ya tsinki ɗan kuka bai yi sallama ba, sai kukar ta buɗe ciki ta haɗiye shi. Yarinyar ta yi ta roƙo, kukar ta ce sai ta kawo mata ruwa a kwando. Ta tafi rafi, ta ɗiba ya zube, ta sake ɗiba ya zube, ga muryar ƙanenta tana dusashewa. Can sai ga wata tsohuwa mai ido ɗaya.

Nan barci ke sace ni, kullum. Da safe in bi Inna da magiya, ta ce, "Ke, uwar barci! Tatsuniya da rana? So kike ki ɓata a daji?"

Yau ni ce mai kula da laburaren wata firamare a Gammo. An kawo mana ƙananan kwamfutoci na hannu, yaro na bin rubutu da yatsa, murya na karanta masa. Aka ce mu naɗo tatsuniyoyin tsofaffinmu a saka. Wallahi har rawa na taka. Sai dai doka ce na'urar ba ta kwana a waje, kafin la'asar hedimasta ya kulle ta. Wayata kuwa rakani-kashi ce, ba ta ɗaukar murya.

Na ɗauki na'urar na hau acaɓa zuwa Getso, na iske Inna a kwance da hantsi, ta rame kamar tsinke.

"Inna, ta kukar nan kawai, don yara."

Ta dubi hasken rana a bakin ƙofa. "Don yara fa kika ce. In ɓatar da 'ya'yan mutane da bakina? Ki zo da dare."

Na roƙi hedimasta kwana ɗaya tak, ya ce sai izini ya zo daga sama. Izinin ya zo bayan sadakar bakwai ɗinta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na tambayi yayyena ƙarshen labarin, kowa ya ce ya manta.

Iya abin da na riƙe na rubuta na saka. Jiya wata ɗalibata, Hadiza, wadda bara ko sunanta ba ta iya karantawa, ta bi shi tiryan-tiryan har wajen tsohuwa mai ido ɗaya. Ta yi ta shafa gilashin, shafi bai juya ba.

"Malama, ta lalace. Yaron ya fito?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Hadiza. Ni ma ban sani ba."