Ja da Kore a Idon Tahiru

Tahiru ɗan Gidan Sori ne. Cikin sa'anninsa shi kaɗai ya zarce da karatun lakol har Maraɗi, ya koyo aikin ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa. Da ya dawo, wata ƙungiyar manoma a Gidan Runji ta ɗauke shi, aka ba shi ɗaki a ƙuryar buro, wato ofishinsu. Shi ke rubuta umarnin da ke tattara awon ruwan sama na ƙauyuka ya tura Maraɗi. Abokan aikinsa tun safe suke hawa babura su shiga karkara, su bar shi da baƙin allo da haruffa.

A damina ta uku, shugabarsa Madam Rukaiya ta kira shi a waya.

"Malam Tahiru, sati biyu awon garin Cadakori bai iso ba. Ga kuskuren nan da ja a hoton allon da ka turo. Ba ka gani ba?"

Ya ƙura ido. Layin da ta ce ja ne, da na samansa da ta ce kore ne, duk launin busasshen ganye suke a wurinsa. Shekararsa talatin da huɗu, bai taɓa sanin idonsa ba ya bambance ja da kore ba.

Ran Juma'a ya je gida, ya tarar da mahaifiyarsa Batulu tana gyaran wake. Ya ba ta labari. Ta ajiye faifan waken.

"Haka babana yake," ta ce. "In ya je tsinkar barkono, ɗanye da nunanne duk yake haɗowa. Mutane suka ce ganganci ne. Har ya rasu bai yi musu ba."

"Ni fa, Inna?"

"Na lura tun kana ƙarami. Na zaci zai wuce."

Kwana uku ya yi yana sauya launukan allonsa. Kuskure ya koma rawaya kamar furen kabewa, abin da ya tafi daidai ya koma shuɗi. Ya sa tsarin a intanet don masu ido irin nasa. Mutum huɗu suka ɗauka, ba wanda ya rubuto masa ko kalma.

Awon bai sake makara ba. Wata safiya Ishaku, malamin gona, ya leƙo neman makulli.

"Kai, allon naka kamar zanen Sallah!"

Tahiru ya juyo da kujera zai yi masa bayani, amma Ishaku har ya fita yana tada babur.