Wa Zai Ɗanɗana Mini Yajin, Inna Adama?

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran Inna Adama mai daddawa ta Bauranya, bayan 'yar gajeriyar jinya a Kankiya. Kafin magariba an kai ta makwancinta.

Inna, masu zuwa gaisuwa daddawarki suke ta yabo. Suna faɗin yadda ƙamshinta ke tarar mutum tun daga zaure, da yadda ba ki taɓa cuɗa kalwa da waken suya ba, komai tsadar kalwa. Gaskiya suka faɗa. Ni dai abin da na riƙe daban ne.

An kawo ni garin nan ba uwa ba uba. Da na haifi ɗiyata ta fari, ba gidan da zan je wanka, ba mai daka mini yajin jego, wanda dangin mai haihuwa kan kawo a raba wa dangin miji. Na san in suna ya zo babu shi, gorin zai bi ni har tsufa. Ana gobe suna sai ga ki da ƙwarya a kai, an rufe da faifai. Kika dire ta tsakar gida, kika ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ga saƙon gidan su Sumayya." Wato gidanmu, alhali ba abin da ya haɗa ni da ke sai katanga. Tun daga ranar ba wanda ya sake tambayar ina dangina.

Shekara da shekaru muna daka tare. Ke ba kya awo, sai dai ki damƙo citta, ki tsinci kanumfari da masoro, ki karya kimba ki sansana. In na ce ki nuna mini, sai ki ce, "Ke da hannunki mai nauyi? Riƙe taɓarya dai, ina nan." Ni kuma na yarda kina nan ɗin.

Kina kwance a Kankiya ɗiyar nan tawa ta sauka a ɗakina, haihuwarta ta fari. Sai da muka dawo daga zaman makokinki na tuna surukanta na tafe, kuma yanzu ni ce gidansu. Na shanya barkono, na soya ƙuli, na jawo turmi. Ban taɓa sanin taɓarya ɗaya tana da ƙaramar murya haka ba. Na yi kuka, na ce wa yara barkono ne.

An yi suna, an raba yaji, ɗiyata ba ta ji kunya ba. Duk wadda ta lasa sai ta ce, "Ya yi, sannu da aiki." Na gode musu. Amma na san kara suke yi mini, don ni da kaina na ji wani abu bai kai ba, ban kuma san ko mene ne ba. A duk garin nan ke kaɗai za ki lasa, ki yamutsa fuska, ki gaya mini gaskiya. Wallahi kewarki ta ishe ni, Inna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanta Malam Ɗalha, da ɗiyarta Ma'u ta Dudunni, da jikoki baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Yadda kika rufa mini asiri a gaban mutane, Allah Ya rufa naki ranar da za a tsaya a gabanSa. Amin.