Zanen Goggo da na ara

A shekarun da mutanen arewacin jihar nan suka kwararo Yola suna gudun 'yan bindiga, ina ɗinki a unguwar Luggere da ke Jimeta. Ina kuma cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke fitowa a talabijin. Bokona bai yi nisa ba, amma na iya kwaikwayon mutane, shi ya sa ake nemana.

Cikin masu gudun hijirar akwai wadda ta kama ɗaki bayan shagona tana suyar waina. Namiji aka haife ta, irin waɗanda muke ce wa 'yan daudu, amma ita mace take ɗaukar kanta. Matan gidan suna kiranta Goggo, ni ma haka. A garinsu masu bindiga sun zo suna tambayar gidanta, ta fito ko takalmi babu. Don haka a Jimeta ta yi taka-tsantsan. In za ta kasuwa sai ta sa kaftani da hula, zani kuwa sai cikin gida gaban tanda. Guda ɗaya ta tsira da shi, atamfa shuɗiya mai hoton tsuntsaye, ta mahaifiyarta.

Wani mai sayar da kayan miya ya ba ƙungiyarmu talla, ya ce abin dariya yake so, a yi masa ɗan daudu. Ni aka zaɓa. Na je wurin Goggo na ce matata ce ke son aron zanen za ta biki. A wurinmu ba a hana maƙwabciya aron zanen biki, na kuma san haka.

“Kawu, duk atamfofin matarka, sai na 'yar gudun hijira?” in ji ta tana dariya.

“Tsuntsayen ne suka burge ta.”

“To ta kula min da shi. Kar ta zauna kusa da manja.”

Na ɗaura zanen gaban kyamara. Na yi tafiyarta, na tafa hannu irin nata, har yadda take karkata kai in tana miƙa waina. Aka riƙa sa tallar bayan labarai, gari ya yi ta dariya, ana tare ni a hanya ana gaisuwa. Amma yaran unguwa sun san zanen, sun sha ganinsa a kan igiyar shanya. Suka fara bin Goggo suna wannan tafiyar. Masu sayen waina suka janye. Daga baya samari suka zo ƙofar gidan da sanduna, kuma lokacin kowane baƙo abin zargi ne. Wata malamar makaranta Kirista da ke haya a gidan ta roƙi mai gida, amma tsoro ya riga ya kama shi, ya ce Goggo ta tashi.

Ranar da za ta tafi ta tsaya bakin shagona cikin kaftani.

“Kawu, na ga bikin. Ya yi jama'a.”

Ban ɗaga kaina daga keken ɗinki ba. Zanen yana wurin ƙungiya, kafin in karɓo shi ta bar unguwar.

Sai bara wani mai keke ya ce min ya gan ta a Mbamba, can gefen Yola, tana dafa wa 'yan ƙwadagon gona abinci. Na naɗe zanen na tafi. Na same ta ta rame, da hula a kanta.

“Goggo,” na ce.

Ta waiwaya hagu da dama. “Rage murya. Nan Malam suke ce min.”

Na nemi gafararta, na miƙa mata. Ta buɗe, ta shafa tsuntsayen, ta kai shi hanci ta daɗe. Sannan ta ninke ta mayar min.

“Ina zan ɗaura? Duk Yola ta san shi. Ajiye wurinka. Ran da ka ji na mutu, ka zo ka lulluɓa min kafin a yi min wanka.”

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma sake tambaya ba.

Yanzu jikokina kan nuna min irin wannan wasan a waya, wani ya ɗaura zani yana rangwaɗa, suna ƙyaƙyatawa. Nakan ce su tambayi kansu tafiyar wa aka ara. Zanen yana cikin akwatina. Duk sanda mai keken nan ya wuce nakan tsayar da shi in tambayi lafiyar Malam na Mbamba, don kada labari ya zo min a makare.