Ɗalibarsa ta farko kowace safiya

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Malam, mutumin Lahodu ta ƙasar Wurno. A ƙarshen zamanin Turawa yana koyar da kimiyya a makarantar sakandare a Sakkwato: ilimin haɗa sinadarai da na halittu masu rai. Ni kuwa ɗiyar masunta ce daga Goronyo, baƙi da farin da na sani a ajin yaƙi da jahilci na koye su.

Malam ba ya shiga aji sai ya gwada darasin ranar a kaina. In na gane, in ji shi, yara za su gane. Ina dama kunu zai karɓe mani zoɓo, ya jefa kanwa, jan ya rikiɗe ya yi duhu; ya matsa lemun tsami, jan ya dawo. Sai ya ce, "Mi kig gani?" Na sha yi masa faɗa kan ɓarnar kanwa, amma kafin wata ya zagayo ni ke riga shi tambaya.

Wani hutun damina muka je Lahodu, muka tarar kurkunu ya kwantar da ƙanensa Ummaru, ƙafa a kumbure, ciyawa ta cinye gero. Kowace shekara haka ake yi a gidan. Malam ya ɗebo ruwan tafkin da ake sha a kwalba, ya miƙa wa mahaifinsa gilashin da ke ƙara girman abu. Ga wasu ƙananan halittu suna tsalle ciki. Ya ce su ke ɗauke da cutar, in an tace ruwa an rabu da su.

Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Na ga halittar Allah. To, mi ya haɗa ta da ƙahwar Ummaru?"

Malam ya ce, "Wannan kam, Baba, karantawa niy yi, ban gani ba."

"To in ka gani, ka zo ka gaya muna."

An ce gani ya kori ji, ga shi ganin bai kai ba. Malam ya koma ɗaki ransa a ɓace. Washegari na ga Inna, mahaifiyarsa, ta ɗaura farin ƙyalle a bakin tulu tana tace ruwa. Ta ce mani, "In ƙarya ta, mi munka rasa?"

Damina ta gaba cutar ta sake kama mutum ɗaya a gidan, Malam ya ce ruwan da aka sha kafin a fara tacewa ne, sai ta cika shekara take fitowa. Wadda ta biyo baya kowa ya yi noma da ƙafarsa. Tsohon bai taɓa cewa ɗansa ya yi gaskiya ba, sai dai ya koma cika gorarsa a gida kafin ya tafi gona.

Yau yaran Lahodu ba su san kurkunu ba, kuma ba zan ce aikin Malam ne ba. Rijiyoyi da ma'aikatan lafiya suka yi wannan. Nakan dai tambayi kaina me zai ce in ya ga manoman albasa a bakin dam suna dama maganin feshi da hannu, ko jikokinsa suna kallon cikin jikin mutum a waya. Ina jin wayar za ta burge shi kwana biyu, sannan ya kore su waje su kamo masa fara.

Bai bar gini da sunansa ba, ɗalibansa ma yawanci sun bi shi. Abin da ya bar mani shi ne duniya ba ta taɓa gundurata ba. Daminar bara jikokina suka neme ni suka rasa, sai a bakin kududdufi, a tsugune, ina jiran in ga ko talibambam, 'ya'yan kwaɗi, sun fara fitar da ƙafa. Sai da mutum biyu suka ɗaga ni. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa.