Hoton Kawu da Ragonsa

Ina koyarwa a Bakura lokacin da kawuna, dillalin shanu a Talata Mafara, ya ci kansila. Ni na kai shi wurin abokina mai fenti, wanda ke zana zakuna da dawisu a bayan manyan motoci kusa da tasha.

A bangon rumfarsa akwai wani shafin tsohuwar kalanda: hoton fentin mai na wani basaraken Sikotilan, ɗan majalisa, tsaye da ɗan zane iya gwiwa, hannunsa bisa kan kare. Na taɓa karanta masa Turancin da ke ƙasa, cewa mai zanen a gidajen manya ya yi rayuwarsa, suna zama yana zana su. Abokina ya yi dariya, ya ce shi manyansa direbobi ne. Amma na san abin na cin ransa. Burinsa ya zana mutum sau ɗaya, a rataye a zaure.

Kawu na ganin Baturen ya ce irin tsayuwar nan yake so, sai dai a sa masa babbar riga, a kuma cire karen a sa rago. Abokina ya samo falankin katako, ya ajiye aikin motoci, ya duƙufa har damina ta wuce. Kawu bai iya tsayuwa wuri ɗaya ba, kullum yana waya da ’yan kara, wato kasuwar shanu. Duk da haka hoton ya fito, har ɗan karkacewar hularsa. Ragon ma ya fi na gaske ƙiba.

Ranar da za a rataye shi, yayan kawu ya zo daga Maradun. Malami ne, ba mai hayaniya ba. Bayan doguwar gaisuwa ya dubi hoton, ya yaba hannun mai shi, sannan ya ce surar mai rai cikakkiya ba ta zama a gida, sai an ja layi a wuya, a raba kai da jiki.

Kawu ya shafa maƙogwaronsa. Mutumin da ya girma cikin mahauta ya san ma’anar layi a wuya, ga kuma abokan hamayya da za su gani su samu abin faɗa. Ya ce a ja wa ragon, shi dai a bar shi. Malam ya ce duka biyun.

Suka juya ga abokina. Ya daɗe yana kallon katakon, sannan ya ce, “Allah shi gafarta Malam, wanga aiki ba ni iya shi.”

Ya naɗe hoton da buhu, na riƙe masa a bayan babur. Na ji haushi ƙwarai, ban kuma san wa zan ji wa ba.

Bayan mako na leƙa rumfar. Ya shafe katakon da farin fenti, yana rubuta farashin cajin waya a kai.